Kaset ɗin Bukkar Albasa

Litinin, 4 ga Agusta, da hantsi

'Yata Bara'atu ce ta bar mini wannan littafi kafin ta koma gidan mijinta a Rabah. Ta ce tun da takaba ta hana ni fita, masu gaisuwa kuma sun fara raguwa, in riƙa rubuta abin da ke raina. Rabona da dogon rubutu tun ajin yaƙi da jahilci. Hannuna ya yi nauyi.

Jiya ina fitar da kayan mijina Malam daga ƙarƙashin gado na ci karo da kwallar da yake ajiye kaset-kaset. Yawancinsu karatu ne da wa'azi. Ɗaya ba shi da takarda, sai ɗigon jan farce da na sa masa da hannuna. Na san abin da ke ciki.

Malam bai bar murya a waya ba. Ƙaramar waya gare shi mai tocila, ita ma ta tafi tare da shi ranar da ajali ya same shi a hanyar fadama. In yara suka ce ya yi musu saƙon murya, sai ya ce mai magana ya tako ya zo.

Yau da na idar da sallar asuba na nemi yadda yake kiran sunana, na rasa. Fuskarsa tana nan. Tafiyarsa tana nan. Muryar ce take guje mini.

Talata, 5 ga Agusta, bayan la'asar

Musaddiq ya zo gaishe ni. Ɗan ƙanin Malam ne, amma a ɗakina ya tashi tun da aka yaye shi, uwarsa ba ta yi tsawon rai ba. Yanzu magidanci ne, yana da shago a bakin tashar Wurno, yana cajin waya yana tura wa mutane waƙoƙi da karatu a memori.

Na nuna masa kaset ɗin da tsohuwar rikodar Malam. Ya ce abu ne mai yiwuwa. Za a haɗa rikoda da kwamfutarsa da wata igiya, kaset yana juyawa kwamfuta tana ɗauka, kamar a juye nono daga ƙwarya zuwa kwano. Daga nan sai ya sa mini a waya in ji duk lokacin da nake so.

Ya tambaye ni mi ke ciki. Ta yaya zan dubi ɗan da na goya in ce masa muryar mijina nake marmari? Sai na ce 'yan waƙe-waƙena ne na ƙuruciya, ya fitar mini da duk abin da ke ciki, kada kowa ya ji.

Ya yi dariya ya ce, "Inna, ko ni toshe kunne zan yi."

Ya naɗe su a ɗankwalina ya tafi.

Laraba, 6 ga Agusta, da rana

An yi ruwa. Ɗakin girki yana yoyo a inda Malam ya ce zai gyara.

Juma'a, 8 ga Agusta, bayan an sauko daga masallaci

Bari in rubuta shi ko zan samu sauƙi.

Ranin farko bayan aurenmu Malam ya samu fili a ƙasan madatsar Goronyo, muka tafi noman albasa. Bukka ce ta kara, mu biyu kawai, babu uwar miji babu dangin miji. Da aka sayar da albasar farko ya dawo daga kasuwa da rikoda a kafaɗa, yana tafiya kamar wanda ya sayi doki. Na yi ta faɗa na ce tukunya muke bukata.

Wata rana ina niƙa a bayan bukka ina waƙa, irin wadda mace take yi da dutsen niƙa in ta san ba mai jin ta. Ni na ƙirƙiro abata. Ashe ya laɓe ya danna. Da na gan shi na so in daina, ya ce in ci gaba. Ina waƙa yana tsoma baki, yana tsokanata, yana yi wa rikodar bayani kamar mai karanta labarai a rediyo. Har kaset ya cika muka juya shi.

Sau biyu ko uku muka saurara, a can bukkar. Da muka dawo gida cikin mutane na ɓoye shi, domin a cikin waƙar na taɓa wasu. Yarinya ce ni, bakina ba linzami.

Ba waƙar nake so ba. Tsakanin baiti da baiti nake so.

Lahadi, 10 ga Agusta, da maraice

Musaddiq ya ce rikoda tana kunnuwa amma ba ta jan kaset. Robar da ke juya ta a ciki ta narke ta zama kamar ƙaro. Zai kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a Rabah, Malam Isa, shi kaɗai ya rage mai taɓa irin waɗannan.

Na ce ya yi hankali da hanya. Ya ce da rana tsaka zai tafi, cikin motar haya. Na sake cewa ya yi hankali da hanya.

Laraba, 13 ga Agusta, da hantsi

Ya dawo lafiya. Malam Isa ya yanko roba daga tsohon tiyub ɗin keke ya sa, rikoda ta tashi. Amma ya duba kaset ɗina ya aiko da saƙo. Ya ce zaren ya taɓa shan ruwa. Gaskiya ne, shekarar babbar ambaliya kwallar ta kwana cikin ruwa, Malam ya shanya su a kan rufi. Ya ce jan abin da ke jikin zaren, wanda shi ne yake riƙe da murya, ya fara zuba kamar dusa. In an kunna, zai karce a jikin ƙarfen rikoda yana wucewa. Sau ɗaya zai yi magana. Na biyu babu tabbas.

Musaddiq ya ce shi ya sa bai kunna ba sai ya ji ta bakina. In an bar shi ma, a hankali zai zube a cikin kwalla.

Na ce to ya kawo kwamfutar nan ɗakina a yi a gabana, in ji da kunnena ko da sau ɗayan ne. Ya ce batirinta ya mutu, sai a jikin solar shago take aiki. Ni kuma ba ni da halin taka ƙofar gida sai na fita takaba. Na ce a jira. Ya ce damina ce, danshi yana ƙara cin zaren kowace rana.

Na ce a yi. Na ce, "Amana ce, Musaddiq."

Ya ce, "Na ɗauka, Inna."

Alhamis, 14 ga Agusta, bayan azahar

Igiyar da ya saya ba ita ba ce. Wai bakinta zobe biyu gare shi, kwamfutar mai uku take so. Ya gwada da kaset ɗin wa'azi, kwamfuta ba ta jin komai. Zai aika Sakkwato a sayo wani ɗan akwati da ake sawa tsakani.

Na ji daɗi da ya fara gwadawa da wani kaset. Yaron yana da hankali. Malam kullum yana cewa haka.

Litinin, 18 ga Agusta, da maraice

Ɗan akwatin bai iso ba, in ji shi.

Laraba, 20 ga Agusta, da rana

Musaddiq bai zo ba. Ya aiko matarsa da fura. Na tambaye ta aikin, ta ce ita ba ta san harkar shago ba, tana magana tana kallon ƙasa.

Gero ya fara fitar da kai a gonar Malam ta Sisawa, haka aka gaya mini. Wanda ya shuka shi bai gani ba.

Asabar, 23 ga Agusta, da hantsi

Ina tsince wake a tsakar gida, sai na ji surukar Habi maƙwabciyata tana wanke-wanke a bayan katanga tana ƙunƙuni da wata waƙa. Hannuna ya tsaya. Na san inda muryar za ta hau kafin ta hau. Na san inda za ta sauka.

Yarinyar ba a haife ta ba lokacin da muke Goronyo.

Na ce wa kaina waƙoƙin niƙa duk kama suke da juna. Na ci gaba da tsince wake. Da na duba, na zuba tsakuwa a cikin mai kyau, na zubar da waken a ƙasa.

Lahadi, 24 ga Agusta, bayan la'asar

Wani mai babur ya tsaya a ƙofar gida yana jiran fasinja, wayarsa tana kuka da ƙarfi. An sa ganga a ƙarƙashi, da wani abu mai kama da sarewa. Amma ni ce.

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa.

Litinin, 25 ga Agusta, da safe

Habi ta shigo. Ta zauna ta yi ta kewaye-kewaye a kan ruwan sama da tsadar taki, sannan ta ce kwana da kwanaki ke nan abin yana yawo. Daga shafin Musaddiq na intanet ya fito, wanda yake sa tsofaffin waƙoƙi. Bai sa sunana ba, ya rubuta wai muryar wata baiwar Allah daga zamanin da. Amma a waƙar na ambaci ƙauyen Lahodu, na ambaci mai wushirya da ke auna mini gero da murfin kwano. Duk wanda ya san gidan nan ya san Sauda, yayar Malam, da wushiryarta.

Habi ta ce wallahi waƙar ta yi daɗi, har a Goronyo ana sa ta a wurin biki. Ta ɗauka za ta faranta mini.

Kwana da kwanaki. Ke nan ranar da ya ce ɗan akwatin bai iso ba, ya riga ya iso.

Litinin ɗin dai, bayan azahar

Na kira wayar Musaddiq, tana shiga bai ɗauka ba.

Talata, 26 ga Agusta, da maraice

Yaya Attahiru, wan Malam, ya zo. Bai shigo ba, a zaure ya tsaya, ni ina bayan labule. Ya ce shi bai taɓa jin inda mace tana cikin takaba muryarta tana tashi a tashar mota ba. Ya ce kabarin ƙaninsa ko bushewa bai yi ba. Ya ce Sauda tun shekaranjiya take kuka, jikokinta ma ana tsokanarsu a makaranta da murfin kwano.

Na ce ban ba da izini ba. Ya ce to wa ya ba da kaset ɗin? Sai ya ƙara da cewa:

"Mi kika nema a ciki, Kaltume, da ba ki iya haƙuri ki fita takaba?"

Shi ma ban iya gaya masa ba.

Sauda ce ta yi mini wankan jego na fari. Mun daɗe da wuce zancen murfin kwano, har dariyarsa mun yi ni da ita a bikin Bara'atu. Ranar da aka kawo labarin Malam ita ta riƙe ni. Yau an maido mini da kwanon tuwon da na aika mata, ba a buɗe ba.

Laraba, 27 ga Agusta, da rana

Har yau Musaddiq bai ɗauka ba.

Duk wannan zan iya ɗauka. A zage ni a tasha, Sauda ta yi fushi, za ta huce. Ni dai ya kawo mini sauran kawai. Ya kawo mini inda Malam yake magana.

Juma'a, 29 ga Agusta, da hantsi

Na wanke kaina, na sake sa tufafin nan dai. Na tuna lokacin da Musaddiq ya yi ƙyanda, Malam ya kwana uku bai je gona ba, yana zaune da shi a cinya yana masa hira don kada ya sosa. Yaron nan ya san muryar. Ba zai ce bai gane ta ba.

Na kira Bara'atu na gaya mata. Ita na iya gaya wa, da ƙyar, rabi-rabi. Ta ce gobe tana tafe.

Asabar, 30 ga Agusta, bayan la'asar

Ta sauka a tasha ta wuce shagonsa kai tsaye, ta taso shi gaba har gida. Ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakina. Ya rame, ko idona ne.

Ya fara da bayani. Wai da ɗan akwatin ya iso ya haɗa komai, ya yi bisimilla ya danna. Kwamfuta ta ɗauka daga farko har ƙarshe, gefe biyu. Zaren yana wucewa jan gari yana zuba a cikin rikoda. Ya ce da ya ji waƙar tsigar jikinsa ta tashi, bai taɓa sanin ina da irin wannan murya ba. Ya ce irin waɗannan waƙoƙi sun ƙare, masu yin su sun mutu, injin niƙa ya kashe sauran. Ya ga bai kamata ta mutu a cikin kwalla ba. Wai don a san darajata ya yi.

Bara'atu ta ce darajar ce ta sa ya ɓoye kwana goma? Ya ce ya so ta bazu tukuna, in ga yadda mutane ke so, sai in yafe.

Na ce na ji. Na ce ya ba ni na farkon, wanda kwamfuta ta ɗauka kafin a sa ganga.



Ya ce akwai wani abu a kwamfuta da ake gyara sauti da shi. Ana ganin murya kamar tudu da kwari, sai a yanke inda ba a so. Ya yanke surutun da ke tsakanin baitoci don waƙar ta tafi sumul. Ya yanke kukan jaki, da ƙarar iska, da surutun. Da ya gama, kwamfutar ta cika ba wuri, sai ya ajiye sabon a kan tsohon.

Na ce, "Surutun wa?"

Ya ce, "Inna, waƙa kika ce. Ba ki ce maganar Baba kike so ba."

Na ce, "Sai na ce?"

Ya fara kuka. Ya ce shi ya saurara, sau ɗaya, lokacin da ake ɗauka. Ya ce Baba yana ta wasa da dariya kamar yaro, yana faɗin abubuwan da bai kamata ɗa ya ji ba, kunya ta kama shi, ya ga gara ya cire kafin wani ya ji. Ban sani ba ko gaskiya ne, ko yanzu ya samo wannan. Na raine shi, amma yau ban iya karanta fuskarsa ba.

Bara'atu ta ce to ya faɗi abin da ya ji Baba ya ce. Ya buɗe baki. Na ce ya rufe. Ba a bakinsa zan ji ba.

Lahadi, 31 ga Agusta, da safe

Ya aiko da rikoda da kaset cikin ɗankwalina. Na ɗaga kaset ɗin a rana. Zaren ya zama fari, ana ganin haske ta cikinsa kamar leda.

Talata, 2 ga Satumba, bayan azahar

Bara'atu ta koma Rabah da kaset ɗin ta kai wa Malam Isa. Ya kunna, sai huci kawai. Ya ce ta ba ni haƙuri. Mijinta ya kai kwamfutar wurin wasu masana a Sakkwato, sun ce da gogewa aka yi da sun nemo, amma abin da aka rubuta wani a kansa ya tafi.

Musaddiq ya cire waƙar daga shafinsa. Tana cikin wayoyin mutane daga nan har Goronyo, wa zai bi su?

Alhamis, 4 ga Satumba, da maraice

Ya zo ya zauna a zaure tun la'asar. Na ce a ba shi ruwa. Ban ce ya shigo ba.

Asabar, 6 ga Satumba, da rana

An fara yankan gero. Yaya Attahiru ya tura mutane gonar Sisawa, Allah ya saka masa. Sauda ba ta aiko ba.

Jiya na yi mafarkin Malam yana gyaran rufin ɗakin girki. Ya juyo yana mini magana, bakinsa yana motsi.

Litinin, 8 ga Satumba, da hantsi

Duk garin nan sun ji waƙar nan daga farko zuwa ƙarshe, ban da ni. Kullum in ta taso daga wata waya sai in toshe kunne. Yau na aika a kira mini surukar Habi. Na ce ta kunna mini ta bar wayar ta fita. Ta yi mamaki, amma ta yi.

Yarinyar da ke waƙar ba ta san komai ba. Muryarta siririya, numfashinta yana tafiya da dutsen niƙa. Gangar da aka sa ba ta dace ba, tana gaba waƙar tana baya. Musaddiq ya iya aikinsa, ba a jin inda ya yanke. Baiti yana ƙarewa wani yana kamawa, kamar ni kaɗai ce a fadamar ran nan.

Sai can kusa da ƙarshe, a tsakiyar baiti, muryar ta karye. Yarinyar ta fashe da dariya, ta ce, "Kai Malam, bari mana!" Sannan ta kama waƙar daga inda ta tsaya. Wannan bai iya cirewa ba, don a cikin baitin yake.

Na mayar baya na sake ji. Na sake. Kafin dariyar babu komai, sai ganga.

Wani abu Malam ya faɗa da ya sa ni dariya haka, har na saki dutsen niƙa. Tun ɗazu nake zaune ina nema. Ban tuna mi ya ce ba.